Tayoyin Ƙasar Ƙanƙara

Hillar Ɗanlami, kudu da Wad Madani
Farkon harif, wato damina

Zuwa ga Kawu Saifuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga kawunta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can ƙasar Suwed. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta daina kumburi tun da muka dawo gida daga gudun yaƙi, tarin Baba ma ya yi sauƙi.

Ni ce Mawada. Inna ta ce ka bar ni ina rarrafe, to yanzu ni ke rubuta wa gidan nan wasiƙa. Na rubuta da Hausa da haruffan Ingilishi kamar yadda ka ce, ko da yake hannuna ya fi sabawa da Larabci. In ka ga kuskure ka yi mini afuwa. Har yanzu waya ba ta kamawa a garinmu. Baba zai kai takardar Madani, wani mai shago a kasuwa ya ɗauki hotonta ya tura maka. In ka amsa zai buga mana a takarda, ni kuma in karanta wa su Inna, don su Larabci kaɗai suke karantawa.

Kawu, tayoyin sun iso. Hamid mai lori ne ya kawo su daga tashar jirgin ruwa ta Bor Sudan, huɗu da ta ko-ta-kwana. Ka san motar Baba, boksin nan mai buɗaɗɗen baya, ita ce ke kai mutanen garinmu da kayan gonarsu Madani. Lokacin da masu bindiga suka shigo yankinmu na Jazira suna kwashe motoci, Baba ya kwance tayoyinta ya binne a bayan rumbu, ya ɗora motar a kan bulo, ya lulluɓe ta da karan dawa. Da suka zo suka ga ba za ta motsa ba, sai suka fasa gilashi suka tafi. Da muka dawo ya tono tayoyin. Sun tsattsage a gefe, haƙoransu sun kusa ƙarewa, amma a kansu yake ta lallaɓawa har naka suka zo.

Ranar da aka ɗaura sababbin, kusan duk gari ya taru a ƙofar gidanmu. Kowa sai ya durƙusa ya cusa yatsa tsakanin haƙoran taya ya ga zurfinsu, don da haka ake gane taya a nan. Wani tsoho ya ce yatsansa ya ɓace har gaɓa, bai taɓa ganin irin wannan ba tun zamanin motocin kamfanin auduga. Inna ta dafa jabana, gahawar nan tamu, da citta, aka yi ta sha. Ka san dangin Baba sun daɗe suna yi mata magana, cewa tana da ƙane a Turai amma duk shekarun yaƙi ko gaisuwa ba a ji ba. To ranar ta fito da sabon mayafinta ta tsaya kusa da mota, ta ce da gwaggona, "Ki taɓa mana, ba ta cizo. Daga wurin wanda ya manta da mu ta zo." Na daɗe ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba.

Tsofaffin tayoyin kuma Baba ya rabar. Ya ce wanda Allah ya tufatar ba ya riƙe tsumma. Biyu ya ba masu keken jaki, biyu ya ba Jibirin mai yanka takalmin taya, irin wanda ake kira tamut tahalli, wai za ka mutu ka bar shi bai ƙare ba.

Ina da tambaya, in ba rashin kunya ba ne. A gefen kowace taya akwai zanen dutse mai kai uku, da wani abu kamar fure a cikinsa. Mene ne ma'anarsa? Na tambayi Baba, ya ce tambarin kamfani ne.

Sai labarina. An buɗe makaranta, an kuma ce za mu zauna jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, a sef mai zuwa, cikin zafi. Tun kafin yaƙi ya kamata in zauna ta. Ina ɓangaren kimiyya, ina son in shiga makarantar jinya in Allah ya yarda. Makarantarmu ba ta da rufi, saboda haka a Madani za mu rubuta. Baba ya yi alkawarin kai ni kullum, ni da ƙawata Lubna da wasu 'yan mata biyu. Yanzu da tayoyinka hankalina ya kwanta.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi.

Ɗiyarka,
Mawada

*

Suwed

Ɗiyata Mawada,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya da ba ya rabuwa da mai irin aikina. Na karanta takardarki a tsaye a wurin aiki, har wani ɗan Iritiriya da muke tare ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce masa ƙurar taya ce. Hausarki ta yi kyau, ya bitti, ɗiyata. Ki ce wa Yaya Huseina na ji maganar da ta faɗa wa dangin mijinta, kuma ta yi mini daidai.

Kin yi tambaya, ga amsa. Wancan zane ba fure ba ne, ƙwayar dusar ƙanƙara ce. Ma'anarsa tayar tana tafiya a kan ƙanƙara. Ba ki taɓa ganin hanyar da ta daskare ba. Mutum da ƙafarsa ma faɗuwa yake, amma wannan taya sai ta riƙe kamar kaska. To tayar da ta taka ƙanƙara, mene ne taɓon Jazira a wurinta?

Ni a ɗakin ajiyar tayoyi nake aiki, ƙato kamar sito. Mutanen nan kowace mota tana da tayoyi iri biyu. In sanyi ya shigo su zo mu ɗaura musu na ƙanƙara. In ya fita su dawo mu kwance, mu wanke, mu jera a kanta da sunan mai su, kamar kayan amarya. Taya ta ɗan kwana biyu, haƙoranta na nan garau, sai ka ji an ce a zubar. Daga irin waɗannan na zaɓo muku biyar mafiya kyau, da hannuna, na ɗauka a bayana har kwantena. Kada ki ce don me suke canjawa. Doka ce da almubazzaranci. Mutanen da takalminsu na cikin gida dabam, na tsakar gida dabam, na zuwa kasuwa dabam.

Ki ce wa Mahmudu ya taka yadda yake so, tayoyin nan sai ya gaji da su. Ke kuma ki riƙe karatu. Ina son ranar da zan ce wa mutanen nan ɗiyar yayata likita ce.

Kawunki,
Saifuddeen

*

Hillar Ɗanlami
Bayan ɗaukewar ruwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan bayanka ya yi sauƙi. Inna ta ce ka shafa man riɗi da ɗumi ka ɗaure da zane. Mu lafiya, sai zazzaɓin sauro da ya zaga gidan, ya kama ni ya sake ni.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ruwa ya yi yawa bana, hanyarmu ta rufe, takardarka ta yi ta zama a shago a Madani. Ka san baƙar lakar nan tamu mai danƙo. In ta jiƙa ba ta san tayar Turai ba, ba ta san ta kowa ba. Takan cika haƙoran taya da ƙananan tsagoginta, har taya ta koma sumul kamar gindin tulu. Baba yakan rage iska, ya naɗa igiya, ya bi ta gaɓar tur'a, magudanar ban ruwa, inda ƙasa ta fi tudu, wani lokaci ya fita, wani lokaci a kawo shanu. Amma a kan kwalta mai ruwa da safe, Baba ya yabe su ƙwarai. Ya ce motar ba ta taɓa riƙe hanya haka ba, har ya ce in rubuta maka wannan. Ga shi na rubuta.

Abin da zan faɗa yanzu ba wanda ya ce in rubuta, kuma ba zan karanta wa su Inna shi ba. Na daɗe ina juya shi a raina.

Tun da ruwa ya ɗauke zafin kaka ya sauko, tayoyin sun canja hali. Nakan bi Baba Madani ranar Asabar don darasin ƙari. In muka yi tafiya a kan kwalta da rana muka tsaya, robar takan yi laushi, har na danna farcena ya shiga. Tana wari kamar ana ƙona ta. Gefen motar yakan yi baƙin gari, in ka shafa ya kama hannu. A kwana motar tana rangaji, in Baba ya taka birki kuma ba ta tsayawa inda ya nufa. Rannan saura kaɗan mu hau keken jaki a shigar kasuwa, mai keken ya juyo ya ce, "Ya Mahmudu, sababbin takalma ka samu ka manta tafiya?" Mutane suka yi dariya, Baba bai yi ba. Yanzu yana tafiya da jarkar ruwa, duk inda ya tsaya sai ya kwarara wa tayoyin, ka ga tururi na tashi. Na gaba biyu kuwa, yatsan da dā yake ɓacewa a cikinsu, yanzu da ƙyar haƙoran suke rufe farce.

A littafinmu an ce akwai robar da ake yi don ta zauna da laushi cikin sanyi, kuma irin wannan ba ta jure zafi. Ban sani ba ko haka tayoyin nan suke. Wataƙila dalilin da ya sa mutanen can suke kwance su ke nan, ba almubazzaranci kaɗai ba. Ka gafarce ni, kai ka fi ni sani.

Baba bai ce wa Inna komai ba. Amma a hanya ya faɗa mini cewa zai yi magana da wani mai faci a Madani, ya ba shi na gaba biyu, ya karɓi tsofaffi masu tauri irin waɗanda ake kawowa daga Saudiyya, kafin sef ya zo. To Kawu, tayoyin zafi na wurinku yaya suke? Wace alama ce a jikinsu? Ina tambaya ne don Baba ya san abin da zai duba.

Ɗiyarka,
Mawada

*

Suwed

Mawada,

Salam. Ina lafiya.

Na karanta. Wa ya sa miki wannan magana a baki? Yarinyar da ban taɓa jin muryarta ba ba za ta zauna ita kaɗai ta koya mini aikin da na tsufa a cikinsa ba. Na san Mahmudu. Tun ranar da ya zo neman Yaya yake kallona kamar yaron aike. In tayoyin ba su yi masa ba, ya faɗa da bakinsa, ba sai ya laɓe bayan ɗiya da littafin makaranta ba.

Kuma na gane inda aka dosa. "Tayoyin zafi na wurinku yaya suke." Wato in sake aiko da wasu biyar. Kuna tsammani a nan kuɗi a ƙasa ake tsinta? Kun san ɗakin da nake kwana? Kun san a cikin duhu nake fita, a cikin duhu nake dawowa, rabin shekara? Na ɗauki kaya a bayan nan mai ciwo, abin da ya dawo mini shi ne an kai kyautata kasuwa za a yi musanya da tarkacen Saudiyya, duk Madani ta ji cewa ƙanen Huseina shara ya aiko.

Na yi wa Yaya magana da murya, mai shago zai zuba a wayar babanki. Ita za ta gane. Halas, magana ta ƙare.

Saifuddeen

*

Hillar Ɗanlami
Tsakiyar ɗari

Kawu Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da fatan sanyin can bai matsa maka ba. Mu nan jiki lafiya.

Na rantse da Allah ba wanda ya sa ni. Baba bai san abin da ke cikin takardar da ya ɗauka da hannunsa ba. Ban kuma roƙe ka komai ba, alama kawai na tambaya. In rubutuna ya nuna wani abu dabam, laifin Hausata ne. Ka yafe mini.

Bari in faɗa maka abin da saƙonka ya yi, don ina ganin ba haka ka nufa ba. Baba ya dawo da shi yana murna, ya ce Saifuddeen ya aiko da muryarsa. Bai saurara a hanya ba, ya ce Inna ce za ta fara ji. Aka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, gwaggona na nan, uwar Lubna na nan, da maƙwabta. Ya ɗora wayar a kan faifai ya kunna. Kowa ya ji. Ba wanda ya iya tashi ya kashe, har ka gama.

Gwaggona ce ta fara magana. Ta ce, "Ashe kyautar da igiya ta zo." Inna ta shiga ɗaki. Da ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Ƙane ɗaya gare ni a duniya. Na goye shi kafin in goye ki. Shekara da shekaru ina jiran ya tuna da ni, ya tuna, ke kuma kin kore shi da alƙalami." Ta juya ga Baba ta ce, "Da gaske za ka kai su kasuwa?"

Baba ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Wallahi tayoyin nan ba za su sauka daga motata ba, sai in mai su ne ya ce a sauke."

Daga baya na same shi yana wanke mota, na ce masa rantsuwa tana da kaffara, malaminmu ya koya mana. Ya ce, "Ba rantsuwar ce ta ɗaure ni ba, Mawada, fuskar uwarki ce. Ki je ki yi karatunki."

Yanzu da garin ya yi sanyi tayoyin sun natsu. Da sassafe suna tafiya lafiya, warin ya ragu, sai Baba ya mayar da na gaba baya, na baya gaba. Kowa na cewa ga shi nan, dama iyayin 'yar makaranta ne. Yara suna kirana injiniya in na wuce. Ina fata su ne da gaskiya. Amma ɗarinmu gajere ne, Kawu, kai ma ka sani.

Ina jiran amsarka ko da layi ɗaya.

Mawada

*

Hillar Ɗanlami
Shigowar sef

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Duk zuwan Baba Madani sai ya leƙa shago, mai shago ya girgiza kai. Inna ba ta tambaya da baki, amma takan dubi hannunsa in ya shigo.

Zafi ya sauko da wuri. Ƙasa ta tsattsage, kwalta tana danƙo a tafin takalmi. Taya ɗaya ta baya ta cinye har waya ta leƙo, Baba ya ɗaura ta ko-ta-kwana a madadinta. Yanzu ba mu da wata. Sauran ukun sun yi sumul a gefe, ɗaya ta yi ƙullutu kamar ƙwai.

An fito da jadawalin jarrabawa. Bayan azahar za a riƙa shiga, wai don a daidaita da waɗanda za su rubuta a ƙasashen waje. Ke nan da tsakar rana za mu riƙa hawa kwalta. Na nemi in zauna a Madani, amma gidan da muke sauka a dā ba ƙofa ba taga, masu shi ba su dawo ba. Babu wata mota a garinmu.

Ba taya nake roƙo ba. Kalma ɗaya nake roƙo. Ka ce wa Inna da muryarka, "A sauke su." Mai facin nan har yanzu yana da tsofaffi masu tauri, ya ce zai ba Baba. Kai kaɗai za ka iya kwance abin da aka ɗaure. In fushi kake da ni, ka ci gaba da fushin, na yarda, amma ka faɗi kalmar. Shekaruna sun yi gaba, Kawu, waɗanda muka fara tare wasu har sun haihu. Ban san ko zan sake samun wata shekarar ba.

Ɗiyarka,
Mawada

*

Suwed

Ɗiyata Mawada,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, ƙanƙara ta narke, rana ta fara daɗewa. Takardunki biyu suna cikin wayata, sai yau Lahadi na zauna na karanta su da kyau. Ki yi haƙuri. Wannan ne lokacin da ba mu da sukuni ko na shan shayi. Gari ya fara ɗumi, kowa ya kawo motarsa a kwance masa tayoyin ƙanƙara, layi har titi. Makonnin nan ban san iyakar tayoyin da na sauke da hannuna ba.

Maganar fushi ta wuce. Jini ba ya zama ruwa, ya bitti, kuma na ga kin ba da haƙuri kamar ɗiyar kirki. Ki ce wa Yaya komai ya wuce.

Maganar tayoyi kuma, ban ga abin da ya kai ga rantsuwa ba. In sun cinye a sauke su mana. Taya ce, ba Alƙur'ani ba. Irin waɗannan in zafi ya zo ana cirewa, kowa ya san wannan. Na ɗauka Mahmudu da ya tsufa a kan sitiyari ba sai an faɗa masa ba. Ni dai na yi nawa, na aiko da abu mai kyau, yadda aka yi amfani da shi kuma ba a hannuna yake ba.

Jarrabawa ta kusa ko? Allah ya ba da sa'a. Ki karanta Fatiha kafin ki buɗe takarda. Ina jiran albishir.

Kawunki,
Saifuddeen

*

Hillar Ɗanlami
Sef

Kawu Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Ka tambayi albishir, ga labari. Ni lafiya. Inna lafiya. Baba ya karye a wuyan hannu, an ɗaure, yana samun sauƙi.

Kwanakin farko na jarrabawa mun je mun dawo. Baba yana tafiya a hankali, yana tsayawa a gindin kowace bishiya yana kwarara ruwa. Ranar lissafi muka fito rana na tsaka. Akwai buhunan albasa a baya, don ba ya iya zuwa Madani da mota wayam, mu huɗu muna zaune a kansu, mun rufa da zane ɗaya, Lubna tana yi mini tambayoyi ina amsawa. Mun hau kwalta mun yi nisa, sai na ji ƙara kamar ta bindiga. Duk muka kwanta, don jikinmu ya saba. Tayar gaba ce. Fatarta ta saɓule ta naɗe a ƙarfe, motar ta bar hanya ta gangara cikin busasshen rami ta daki gaɓa. Ba ta kife ba. Albasa ta watse ko'ina.

Baba ya fito yana riƙe da hannunsa, bai ko dubi motar ba. Ya ce, "Ku tafi. Ku bar ni, ku tafi." Ya tsaya a tsakiyar kwalta yana ɗaga hannun mai lafiya. Motocin da suka wuce a cike suke. Keken jaki muka samu, daga baya raksha mai ƙafa uku. Da muka isa an rufe ƙofa tuni. Mai gadi ya ce, "Ma'alesh ya banat, ku yi haƙuri 'yan mata, lokaci ya wuce." Lubna ta riƙe ƙarfen ƙofar tana roƙo. Wata malama ta fito ta dube mu, da ƙura da warin albasa, ta ce in da a hannunta yake da ta buɗe, amma an riga an raba takardu. Ta kawo mana ruwa. Muka zauna a gindin katanga har waɗanda ke ciki suka fito suna gwada amsoshi. Na ji tambayoyin. Na san su.

Wanda bai rubuta lissafi ba, ba shi da sakamako. Mu huɗu ke nan. Uwar Lubna ba ta amsa sallamar Inna yanzu. Motar an jawo ta da tarakta, ƙafarta ta gaba ta lanƙwashe, tana kan bulo a inda ta zauna lokacin yaƙi. Ni nake zuwa gona a madadin Baba. Malaminmu ya ce akwai baɗi. Na ce masa to.

Takardarka na karɓo ta ranar da na raka Baba asibiti a duba ɗaurin. Mai shago ya ce ta kwana biyu a wurinsa, ta iso washegarin ranar lissafi. Na karanta musu ita duka, ban tsallake ko kalma ba, na daina ɓoye musu komai. Da na zo inda ka ce kowa ya san ana cirewa, Inna ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tashi ta hau shara inda ta riga ta share. Baba kuwa dariya ya yi, irin wadda ban so ji ba. Ya ce, "To, mai su ya yi magana. A sauke."

An sauke. An kai wa Jibirin mai takalmi. Ya ce bai taɓa yanka roba mai daɗin wuƙa irin wannan ba, amma ba zai kira ta tamut tahalli ba, don wannan ita za ta riga mai ita.

Na ce ya yanka maka guda. Ban san girman ƙafarka ba, sai na tambayi Inna. Na ɗauka ba za ta amsa ba. Ta buɗe tafin hannunta a kan robar ta auna, ta ƙara yatsu uku, ta ce, "Ƙafarsa ta hagu ta ɗan fi faɗi." Na sa Jibirin ya bar zanen dutsen nan da ƙwayar ƙanƙara a kan maɗaurin, don ka gane naka ne. Na ba Hamid mai lori, ya ce akwai wanda zai zo wajenku bayan Salla.

Inna ta ce a gaishe ka, ka riƙa cin abinci mai zafi. Na rubuta don ta ce in rubuta. Daga yau in tana da saƙo, mai shago zai ɗauki muryarta.

Takalmin yana da laushi, zai yi maka daɗi a lokacin sanyi. In zafi ya zo ka cire. Kowa ya san wannan.

Mawada